"Ai mun saba": yadda ƙara ke cinye kunne ba tare da ciwo ba

Duk wanda ya taɓa kai niƙa ko markaɗe a Jos ya san yadda ake ciniki a gaban inji. Ba da baki ake yi ba. Mace za ta ajiye bokitinta a layi, ta taɓa kafaɗar yaron da ke kan injin, ta ɗaga yatsu biyu, shi kuma ya girgiza kai ya ɗaga uku. In magana ta zama dole, sai ya kawo kunnensa dab da bakinta ta ƙwala masa. Ita minti goma za ta yi ta kama gabanta. Shi kuwa tun hantsi yake tsaye a wurin, ba zai kashe injin ba sai bayan magariba, gobe ma haka, jibi ma haka. Ka tambaye shi ko ƙarar ba ta damunsa, amsar da zai ba ka ita ce wadda za ka ji a bakin masu tsaga katako a Katako, da masu walda da bugun ƙarfe a Dilimi, da masu fasa dutse a bayan gari: "Ai mun saba."

Ba ƙarya ya yi ba, ƙarar ta daina damunsa. Dalilin da ya sa ta daina ne abin tsoro. Hannun mai aikin ƙarfi yana yin kanta, fatar ta yi kauri ta daina jin zafin ƙota. Kunne ba ya yin kanta. Idan ƙarar da ta gigita mutum ranar da ya fara aiki ta zama ba komai bayan shekara biyu, akasari ba ƙarfi kunnen ya ƙara ba, wani ɓangare na jin ne ya riga ya tafi.

Sai an san abin da ke cikin kunne kafin a fahimci wannan. Sauti kaɗawar iska ce. Tana shiga ramin kunne ta bugi wata siririyar fata da ke ƙarshensa, wato dodon kunne. A bayan fatar akwai ƙananan ƙasusuwa uku a sarƙe da juna, na ukunsu shi ne ƙashi mafi ƙanƙanta a jikin ɗan Adam, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Su ke miƙa kaɗawar can ciki, zuwa wani bututu mai cike da ruwa wanda ya naɗe kamar katantanwa. A cikin wannan bututu aka jera wasu ƙwayoyin halitta kimanin 15,000, kowacce da ɗan tozon gashi a kanta. Ruwa ya motsa, gashin ya lanƙwasa, saƙo ya bi jijiya zuwa ƙwaƙwalwa. Shi ke nan ka ji. Kiran sallah, kukan jariri, muryar mahaifiyarka a waya, duk ta kan waɗannan 'yan gasusuwa suke bi.

Da su aka haife ka, kuma ba za a ƙara maka ko guda ba. Tsuntsaye da kifaye sukan sake tsiro da nasu idan sun lalace. Mutum ba ya yi. Fata ta yanke ta haɗe, ƙashi ya karye ya ɗoru, amma ƙwayar ji idan ta mutu ta mutu, kuma har yau babu allura ko ƙwayar magani ko tiyatar da ke tayar da ita.

Ƙara mai ƙarfi tana jijjiga su fiye da kima, ta gajiyar da su. Yawancinmu mun san alamar, ba mu dai ɗauke ta a bakin komai ba. Ka fito daga holin biki da dare ka ji kunnenka ya toshe kamar an cusa masa auduga, ko kuma ka kwanta ka ji wani "shiii" ko kukan gyare alhali babu gyare a ɗakin. Da safe, ko bayan kwana ɗaya zuwa biyu, sai abin ya washe, ka ce lafiya lau. An daɗe ana zaton lafiya lau ɗin ne. Amma a 2009 wasu masana biyu a birnin Boston na Amurka, Sharon Kujawa da Charles Liberman, sun nuna a jikin ɓeraye cewa ko da gwaji ya nuna jin ya dawo daidai, wasu daga cikin mahaɗan da ke tsakanin ƙwayoyin ji da jijiya sun riga sun tsinke, kuma ba su komo ba. Ke nan toshewar nan ta dare ɗaya ba lallai ta wuce ba tare da ta bar tabo ba. Wanda kuwa yake komawa cikin ƙarar kullum kafin kunnen ya huta, wata rana toshewar za ta zo ta ƙi tafiya.

Abin da ya sa cutar ke ɓuya shekara da shekaru shi ne ba duka jin take kwashewa lokaci guda ba. Tana farawa da siraran sautuka masu tsini, wajen kaɗawa 4,000 a sakan ɗaya. Kaurin murya yana nan, ana jin sa. Amma baƙaƙe irin su s, sh, ts, f da c, waɗanda suke bambanta kalma da kalma, a can sama suke zaune, kuma su ne ke fara dusashewa. Sai mutum ya riƙa jin ana magana amma bai kama abin da aka ce ba. In ku biyu ne a ɗaki shiru, ba laifi. A wurin ɗaurin aure ko a majalisa, inda kowa ke magana, sai dai ya bi mutane da murmushi da gyaɗa kai. Muryar mata da ta yara ta fi ba shi wahala. A gidaje da yawa an san wannan musu:

"Baba, don Allah a ɗan rage rediyon nan, har waje ake ji."

"Ke dai ba kya buɗe baki ne in kina magana, duk yaran yanzu ciki-ciki kuke yi."

Daga nan sai a fara cewa Baba abin da ya ga dama yake ji, ko a ce tsufa ne. Tsufa na da nasa kason, babu musu. Amma dattijon da ya yi shekara talatin a gaban injin niƙa ko injin wanke kuza, ba tsufa kaɗai ke damunsa ba. Kuma abin ya wuce kunne. Wanda ba ya kama zance yakan janye jiki daga mutane, ya daina zama a majalisa, ya riƙa jin kunyar cewa "na'am?" sau uku. Kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet ya sanya raunin ji cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin cutar mantuwa a tsufa, waɗanda kuma ake iya yin wani abu a kansu.

To, wace ƙara ce ta yi yawa? Tambayar ba ta da amsa sai an haɗa abu biyu: ƙarfin ƙarar da tsawon zaman da aka yi a cikinta. Ana auna ƙarfin sauti da desibel. Hirar mutum biyu tana wajen 60. Sai dai wannan ma'auni ba ya hawa ɗaya bayan ɗaya yadda muka saba ƙirga. Duk ƙarin desibel 3 na nufin ƙarfin sautin ya ninka biyu. Ƙarin 10 na nufin ya ninka goma, alhali kunne ji yake kamar sau biyu kacal aka ƙara. A nan ake yaudarar mu: abin da muka ji ya ɗan ƙaru, a wurin ƙwayoyin ji ya ƙaru ninki-ba-ninki.

Hukumar NIOSH ta Amurka, mai bincike kan lafiyar ma'aikata, ta sa iyaka a desibel 85 na awa 8 a rana. Aka hau 88, lokacin ya koma awa 4. A 91 awa 2, a 94 awa 1. Kafin a kai 100, abin da ya rage minti 15 ne. Zarton inji na yankan itace da injin gurzar ƙarfe na masu walda sukan kai 100 ko su haura. Yaron da ya yi awa ɗaya yana gurzar ƙyauren ƙarfe da kunne a buɗe, ya kwashi rabon kwana huɗu tun kafin azahar. Akwai kuma ƙarar da ba ta jiran lissafin lokaci. Harbin bindiga yakan kai desibel 140 ko fiye, kuma guda ɗaya kusa da kunne ya isa ya yi ɓarnar dindindin, har ya fasa dodon kunne. Haka tayar da ta fashe a wurin mai faci, haka nokawut ɗin da yara ke jefa wa juna lokacin Kirsimeti da sabuwar shekara.

Ba kowa ke yawo da na'urar awo ba, amma akwai gwajin da ba ya buƙatar ko kwabo. Tsaya nesa da mutum tsawon hannu guda. In sai ka ɗaga murya kafin ya ji ka, ƙarar wurin ta kai wajen 85. In kuwa sai ka yi ihu a kunnensa, an wuce nan nesa, kuma mintoci ake ƙirgawa, ba awoyi ba.

Matasan da ba su taɓa tsayawa gaban inji ba su ma ba su tsira ba, domin tasu ƙarar a aljihu take. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa sama da matasa biliyan 1, 'yan shekara 12 zuwa 35, na cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraro. Ma'aunin da ta bayar ga mai iyafis shi ne desibel 80 na awa 40 a mako ga babba, 75 ga yaro. A desibel 90, awa 4 ke nan a mako gaba ɗaya. Waya kuwa idan aka ƙure mata ƙara tana iya zuba sama da 100 kai tsaye cikin ramin kunne. Kuma ba son ƙara kaɗai ke sa a ƙure ba. Ka shiga keke daga Terminus za ka Farin Gada, ga rurin inji, ga ham ta ko'ina, ga masu tallan magani da lasifika. Dole ka yi ta ƙara murya har ta danne su. Ƙarar da ka ji daidai a cikin keke, gwada ta a ɗakinka da dare ka ji yadda take. Shi ya sa iyafis mai roba da ke toshe ramin kunne sosai, ko hedifon mai kashe hayaniyar waje, ya fi wanda ke zaune sako-sako: in hayaniya ba ta shigo ba, ba ka buƙatar ƙurewa. A bar ƙarar kada ta wuce kashi 60 cikin 100, a riƙa cirewa ana hutawa, kuma gargaɗin nan da waya ke fitarwa in an haura iyaka, wanda muke dannewa ba tare da mun karanta ba, a kan wannan lissafin aka gina shi.

Akwai abin da nake so a ji da kyau, don na lura ana ɗora laifin a kan masu jin waƙa kawai. Kunne ba ya tantance abin da ake saurara. Karatun Alƙur'ani, tafsiri, wa'azi, sharhin ƙwallo, darasin makaranta, in an ƙure ƙarar ɓarnar ɗaya ce. Wanda ke barci da iyafis a kunne yana jin karatu har asuba, niyyarsa mai kyau ce, amma ya hana kunnen awoyin da ya kamata ya huta a cikinsu. Ya ajiye wayar a gefe ta yi a hankali, ya sa mata lokacin da za ta kashe kanta.

Bikinmu na yanzu kuma sai a hankali. Ana jibge sifikoki a kan juna a hol mai rufin kwano, DJ ya ƙure, har ka ji bugun a ƙirjinka. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida ga wuraren shagali cewa kada matsakaicin ƙara ya wuce desibel 100 a kowane minti 15, a kuma tanadi wurin da mutum zai fita ya huta da abin toshe kunne ga mai so. Ka dubi wanda ya fi kusa da sifika a bikinmu: yara ne, su ke rawa a gabanta, wasu har su jingina da ita. Ga kuma jariri goye a bayan uwarsa tana tsakiyar fili ana liƙi, shi ba ya iya toshe kunne, ba ya iya cewa a fita da shi. Wannan ya fi komai tsaya mini a rai. Nisa kuwa magani ne mai arha: a fili, duk lokacin da ka ninka tazararka da sifika, ƙarar na sauka da kimanin desibel 6, wato lokacin da kunne zai iya jurewa ya ninka huɗu. A cikin hol ragin bai kai haka ba saboda bango na mayar da sauti, amma duk da haka kujerar baya ta fi ta gaba. Mai biki shi ya biya DJ. In uwar amarya ta ce, "Ɗana, rage mana, akwai yara da tsofaffi," zai rage.

A wurin sana'a, toshe kunne ba shi ne matakin farko ba. Na farko shi ne a rage ƙarar daga tushe. Injin da ake ba mai a kan kari, aka ɗaure masa kusoshi, aka canja bel da ya saki, aka gyara salansa, aka kuma ɗora shi a kan roba maimakon siminti tsura, ba ya ihu kamar wanda aka yi wa sakaci. Janareta a kai shi nesa da inda ake zama, a waje inda iska ke kaɗawa, don hayaƙinsa ma kisa yake yi. Sai karɓa-karɓa: in yara biyu ne a shago, kada ɗaya ya wuni a kan inji, kuma lokacin cin abinci a bar wurin gaba ɗaya.

Sannan a zo ga abin toshe kunne. Audugar da wasu ke cusawa, ko takarda, ko tsumma, kusan ba sa tare komai, sai dai su kwantar wa mutum hankali a banza. Abin da ke aiki shi ne ɗan soso mai laushi da ake sayarwa a shagunan kayan aikin gini da wasu manyan kemis, ko kuma marufin kunne mai kama da hedifon. Soson ma sai an iya sa shi. Da hannu mai tsabta za ka murza shi tsakanin yatsu har ya zama siriri, ka zagayo da ɗayan hannun ta bayan kai ka ja kunnen sama da baya don ramin ya miƙe, ka tura shi ciki, ka riƙe da yatsa kamar sakan 30 yana kumbura. Za ka ji ƙarar duniya tana ja da baya a hankali, muryarka kuma ta yi maka kauri. In mai kallonka ta gaba yana hango rabin soson a waje, bai zauna ba, sake sawa. Inda ƙara ta haura 100, a haɗa soso da marufi.

Ƙorafin da masu sana'a ke yi shi ne, "Oga, in na toshe kunne ya zan ji in inji ya canja murya? Ya zan ji kwastoma?" Tambaya ce mai ma'ana. Soson ba ya kurmantar da mutum, rage komai yake yi, inji da murya baki ɗaya, kuma mai lafiyayyen kunne yakan ci gaba da jin canjin inji bayan 'yan kwanaki na sabawa. Abin da ba ya yiwuwa shi ne a riƙa sawa ana cirewa. Lissafin ba shi da tausayi: wanda ya cire na awa 1 cikin awa 8 a cikin ƙara, kariyar da ya samu a ranar ba za ta wuce desibel 9 ba, ko da ya sayi mafi tsada a kasuwa.

A ganina nauyin nan a wuyan maigida yake. Yaron da iyayensa suka kawo koyon aiki yana ɗan shekara 14 bai san desibel ba, kuma ba zai sa abin da ogansa ba ya sawa ba, don kada abokai su ce ragon maza ne. Mai walda ba ya barin yaronsa ya kalli wuta babu gilashi, saboda ciwon ido a daren yake zuwa, kowa ya gani. Na kunne sai bayan shekara goma, lokacin yaron ya buɗe nasa shagon, babu wanda zai danganta abin da inda ya faro. Ƙungiyoyin masu niƙa, da na 'yan katako, da na masu walda suna da shugabanni kuma ana jin maganarsu. Da za su sayo soson nan da yawa su raba, su mai da shi sharaɗin ɗaukar yaro, da sun yi abin da wata hukuma ba ta yi ba.

Ba wai babu doka ba. An kafa hukumar NESREA, mai sa ido kan ƙa'idojin muhalli a Najeriya, a 2007, kuma a 2009 aka fitar da ƙa'idojin ƙasa na taƙaita ƙara, masu iyakance ta a unguwanni da wuraren aiki, dare da rana. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ambaci raunin ji cikin abubuwan da ake biyan diyya a kansu. Amma mai niƙa a Anguwan Rogo ba a rubuce yake a littafin kowa ba. Batun lasifikar wuraren ibada kuma, a gari irin Jos, magana ce da ake taka ta a hankali, kuma ta shafi masallaci da coci duka. Kiran sallah na 'yan mintoci ne. Abin dubawa shi ne lasifikar da ake juyawa cikin gidajen mutane awa da awanni har tsakar dare, ga mara lafiya, ga jariri, ga ɗalibi mai jarrabawa. Wannan ko bai kurmantar ba yana hana barci, rashin barci kuma na taɓa hawan jini. Kwamitin wurin ibadar ne ya fi dacewa ya gyara da kansa, tun kafin maƙwabci ya kai ƙara.

Ba ƙara kaɗai ke kashe ji ba, kuma idan ta haɗu da wani dalilin ɓarnar ta fi yawa. Allurar gentamicin da danginta, da kwinin, suna iya taɓa kunne, don haka ba abin da za a karɓa a kemis ba ne ba tare da likita ya rubuta ba. Sanƙarau da ƙyanda da hangum na barin yara da kurumta. Zazzaɓin Lassa, wanda mara lafiyar farko da aka gano da shi ta rasu a nan Jos a 1969, yana taɓa jin kimanin mutum 1 cikin 4 na waɗanda suka warke.

Wanda ya wayi gari kunnensa ɗaya ya ɗauke farat ɗaya, kada ya zauna jiran ya buɗe, kada ya ɗiga mai ko ruwan ganye, kada ya soka tsinken ashana ko gashin kaza. Yana iya zama dauɗar kunne ce kawai, a wanke a asibiti a wuce wurin. Yana kuma iya zama jijiyar ji ce, wadda maganinta ya fi aiki a kwanakin farko, bayan mako biyu damar ta ragu ƙwarai. Wanda kuma kunnensa ke kuka ba ya dainawa, ko yake yawan cewa a maimaita, ko ya shekara biyar a gaban inji ko da bai ga alamar komai ba, ya nemi sashen kunne, hanci da maƙogwaro a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, wato JUTH, da ke Lamingo. A Kaduna kuma akwai cibiyar kula da kunne ta ƙasa. Gwajin ba ya ciwo. Za a sa maka hedifon a ɗaki shiru, ka riƙa danna maɓalli duk lokacin da ka ji ɗan sauti, a zana sakamakon a takarda. Ɓarnar ƙara tana da tambarinta a wannan zane, wani lotsawa wajen sautukan nan masu kaɗawa 4,000, kuma takan bayyana shekaru kafin mutum ya fara rasa zance. In an ga ta yi nisa, na'urar taimaka wa ji ba ta mayar da abin da ya mutu, amma tana ƙarfafa abin da ya rage, likita kuma shi zai saita ta daidai da zanen kunnenka, ba a saye ta a tebur a kasuwa ba.